Kafin A Kwance Famfon Mai

A Maourey, tsohuwar unguwar da ke tsakiyar Yamai, ba a rasa ganin Land Cruiser ko Hilux an buɗe mata baki da sassafe, direba na murza makulli, inji ya ƙi tashi. Irin waɗannan motoci ne ke tashi daga Yamai su bi ta Tawa zuwa Agadez, tafiyar sama da kilomita 900. Abin takaici shi ne yadda wasu kanikawa ke garzayawa su kwance famfon mai, aiki mai tsada, alhali matsalar tana kusa.

Direba ya fara da kunnensa. In ya ji "ƙat" kawai, fitilu suka dushe, batir ne. Zafin Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana cinye ruwan batir, kawunansa kuma su yi farin tsatsa. Gogewa da ɗaurewa sukan wadatar.

In kuwa inji na juyawa bai kama ba, sai a koma ga gazuwal. Man da ake sayarwa a jarka a bakin hanya yakan zo da ruwa da datti, ya toshe matata. A tsiyaye ruwan ta ƙasan matatar, a danna ɗan famfon hannu da ke samanta har ya yi tauri, iska ta fita. Injin Land Cruiser samfurin 1HZ mai silinda 6 ba kwamfuta ke sarrafa shi ba, don haka wannan duba bai fi ƙarfin direba ba.

Kamata ya yi makarantun koyon tuƙi na Yamai su koyar da wannan duba, masu motoci kuma su gwada direba a kansa kafin ya kama hanyar Agadez.