Dala Shida Ba Ta Wanke Metallica

'Yan'uwa ɗalibai, har yau muna jin masu yabon abin da makaɗan Metallica, manyan kiɗan nan mai gudu da amo da ake kira thrash metal, suka yi a Disamba 2011 da suka cika shekara 30. Dare huɗu suka yi a Fillmore, wani ƙaramin gidan rawa a San Francisco, kuɗin shiga dala 6 kacal. A daren ƙarshe Dave Mustaine, wanda suka kora a 1983 suka sa shi a bas daga New York, ya hau dandali ya kaɗa jita tare da su. Ba mu musu, abin ya taɓa zuciya.

To, amma wa aka bari ya shiga? Masu rajista a ƙungiyar magoya bayansu kaɗai. Wai wannan shi ne komawa ga talakawa!

Mu dai ba mu manta da 2000 ba. A shekarar ce suka maka Napster a kotu saboda matasa na musayar waƙoƙinsu ta intanet, har suka haɗa da jami'o'i uku, ciki har da Yale. Mai gangarsu Lars Ulrich da kansa ya kai sunaye sama da 300,000, aka toshe su. Alhali kuwa da me aka fara saninsu? Da No Life 'Til Leather, kaset ɗin 1982 wanda yara suka yi ta kwafa suna aika wa juna ta gidan waya, ba wanda ya nemi izinin kowa.