Raddi ga Masu Cewa Ashura Ita Ce Ranar Kafara ta Yahudawa

Yom Kippur, wadda Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kira Ranar Kafara, tana zuwa ne ran 10 ga Tishri, wata na bakwai a lissafin Attaura. A Kafanchan, Kagoro da Zonkwa, inda ake karanta Littafin Firistoci a coci, maƙwabta Musulmi kuma suna azumin Ashura, ba a rasa mai cewa ranakun nan biyu ɗaya ne, suna kawai aka sauya.

Hujjarsu ta farko ita ce duka biyun goma ga wata suke. Haka ne, amma watannin ba su tafiya tare. Yahudawa sukan ƙara wata na goma sha uku sau bakwai cikin shekara 19, don haka ranarsu ba ta fita daga Satumba da Oktoba. Muharram kuwa, watan Ashura, yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2016 ranakun sun haɗu, amma yaƙin Masar da Isra'ila na 6 ga Oktoba 1973 ya ɓarke ne ranar Yom Kippur, wadda ta yi daidai da 10 ga Ramadan.

Ta biyu, sun dogara da hadisin Ibn Abbas, cewa Annabi (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin ranar Ashura. Wannan ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba a musun alaƙar. Sai dai dalilin da hadisin ya bayar shi ne kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna, abin da Yahudawa ke tunawa a Idin Ƙetarewa cikin watan Nisan. Babi na 16 na Firistoci kuwa, mai bayanin Ranar Kafara, zancen bunsuru biyu yake yi, da shigar babban firist Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara, hidimar da ta tsaya tun da Rumawa suka rushe Haikali a shekara ta 70. Ga kuma ruwayar Nana A'isha cewa Ƙuraishawa suna azumtar Ashura tun a Jahiliyya.

Ta uku, sun ce ai duk kankare zunubi ne. Azumin Yahudawa wajibi ne, kusan awa 25 ba ci ba sha, ba a taɓa aiki. Ashura ta zama nafila tun da aka farlanta Ramadan, daga alfijir zuwa faɗuwar rana, kuma an so a haɗa ta da Tasu'a, tara ga wata, domin a saɓa wa Yahudawa.