Sharhi: A Yi Hattara da Motar Ɗaga Ma'aikata a Ƙauyukanmu

Dokar Wutar Lantarki ta shekarar 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Wannan na nufin alhakin lafiyar masu aikin kai wuta karkara ya ƙara matsowa kusa da mu. Cikin kayan wannan aiki akwai motar nan mai dogon hannu da kwando, wadda ke ɗaga ma'aikaci zuwa kan turken lantarki ko fitilar kan hanya mai amfani da hasken rana.

Ɗaya daga cikin manyan haɗurran wannan mota a ƙasa yake, ba a sama ba. A birni kan kwalta take tsayawa. A ƙauye kuwa, yashi ne ko lakar fadama, wadda kan bushe daga sama alhali cikinta ɗanye ne. Idan hannun ya miƙe gefe guda, akasarin nauyin kan koma kan ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafun ƙarfen da ake kafe motar da su. Ƙafar nan ta ɗan nutse kaɗan, kwandon da ke can sama sai ya karkace sosai, motar ta kife. Saboda haka wajibi ne a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kuma tabbatar motar ta daidaita kafin a ɗaga mutum.

A nan ne masu unguwanni da dagatai suka fi injiniya sani. Su suka san inda aka cike tsohuwar rijiya, ko masai, ko kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Muna ganin bai kamata ɗan kwangila ya kafa mota ba sai ya zagaya wurin tare da su.

Sai batun iska. Akasarin waɗannan injuna an kayyade musu iskar da ba ta wuce gudun kilomita 45 a awa ɗaya ba, guguwar da ke gabatar ruwan farkon damina kuwa takan zarce haka. Da zarar hadari ya haɗo, a sauko. Har ila yau, wayoyin da ke ɗauke da volt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa su suke kisa ba, wutar kan yi tsalle idan an matso kusa. A kashe layi tukuna, ma'aikaci ya ɗaura ɗamarar kariya a jikin kwando, a kuma bar mutum a ƙasa wanda ya iya sauko da shi.

Muna kira ga jami'an sashen ayyuka na ƙananan hukumomi da su rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar kwangila, su kuma nemi shaidar cewa ɗan kwangila yana biyan kuɗin asusun diyyar ma'aikata kamar yadda dokar 2010 ta tanada. Iyaye kuma su hana yara yin dandazo ƙarƙashin kwando ranar da motar ta shigo gari.