Madatsar Zobe da Yawon Kwale-kwale: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Tun 1983 da aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, kusa da Dutsin-Ma, akan ambace ta ne kan abubuwa biyu, wato noman rani da ruwan sha. Na biyun ma bai kankama ba sai a watan Yulin 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan Zobe. Akwai amfani na uku da ba a cika dubawa ba: yawon shaƙatawa a kwale-kwale, wanda zai iya zama hanyar abinci ga matasan ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi.

Lokacinsa a fili yake. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ruwa ya cika, hadarin damina ya wuce, manoma sun kai amfani gida, hannu da ɗan abin kashewa. Baƙi ma ba sai an nemo su daga nesa ba, domin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita sun tara dubban ɗalibai da ma'aikata a garin.

Ribar irin wannan yawo a tudu take. Jiragen da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido a kogin Nilu, tsakanin Luksor da Aswan, sukan tsaya a Edfu da Kom Ombo, baƙi su sauka su ga kayan tarihi, su yi sayayya. Haka ya kamata a tsara a Zobe. Baƙo ya sauka a gaɓa ya ga yadda masunta ke jefa birgi da kafa mali, ya ci gasasshen kifi, ya sayi tabarma ko faifai a hannun wanda ya saƙa. Ɗaliban Hausa kuwa ga fagen nazari: kalmomin su da na fito, waɗanda ke ɓacewa tare da dattawan sana'ar.

Sai dai ruwa ba ya wasa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, jihar Kano, ya halaka mutane fiye da 20, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A Mayun 2022, cikin hidimar Ƙaramar Sallah, irin wannan musiba ta auku a Mai'adua, yara ne kuma suka fi mutuwa. Sanadin irin waɗannan haɗurra sananne ne: lodi fiye da ƙima, tsofaffin jirage, tafiya bayan faɗuwar rana, da rashin rigar kariya.

Saboda haka sharaɗi ya riga gayyata. Wajibi ne Hukumar Raya Kogunan Sokoto da Rima, wadda madatsar ke hannunta, da gwamnatin jihar Katsina su yi wa kowane jirgi rajista, a rubuta a jikinsa adadin mutanen da zai ɗauka. Kada fasinja ya shiga ba rigar kariya, kada jirgi ya tashi bayan magariba ko ranar da hazo ya yi kauri. A damƙa sa ido a hannun Sarkin Ruwa da masunta, domin su suka san inda kututture ya ɓuya da inda iska ke juyawa.

Wani zai ce yankin da ya sha fama da 'yan bindiga ba wurin maganar shaƙatawa ba ne. Gaskiya ne, babu baƙon da zai zo inda mai gida bai yi barci ba, don haka tsaron hanya da na gaɓa shi ne matakin farko. Amma zaman banza na cikin abin da ke ciyar da rashin tsaro. Saurayin da ke tuƙa baƙi da rana ya koma gida da kuɗin cefane yana da abin da zai kare. A fara da jirage kaɗan, ranakun Asabar da Lahadi, a shekara guda ba a rasa rai ko ɗaya ba, sannan a faɗaɗa.