Ƙullutu a Cibiya: Kashedin da Kan Zo a Makare

Ran 8 ga Mayu na kowace shekara, tun daga 2013, akan yi gangamin faɗakarwa a kan ciwon dajin gidan ƙwan mace. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin 2022 mata wajen 324,000 suka kamu da shi, kimanin 207,000 kuwa suka rasu.

Abin da ya sa mutuwar ta yi yawa shi ne, ciwon yakan yi girma a ɓoye. Alamunsa na farko, watau kumburin ciki, saurin ƙoshi da yawan fitsari, sun yi kama da na ɓacin ciki, sai a yi ta shan jiƙo. Gwajin bakin mahaifa ba ya gano shi, allurar rigakafin da Nijeriya ta soma yi wa 'yan mata cikin Oktoba 2023 kuma ta dajin bakin mahaifa ce.

Kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo iri guda ne, mai yawan kama manyan mata. Sauran ba safai akan gamu da su ba. Wani irin yakan kama 'yan mata, yana kuwa jin magani ƙwarai. Wani yakan jawo zubar jini bayan ɗaukewar haila, yana iya komowa ko bayan shekara 10 da fiɗa.

Yaɗuwarsa zuwa fata ba ta faye aukuwa ba. In ta auku, sau da yawa a tabon fiɗa take fitowa, ko a cibiya: ƙullutu mai tauri, wani lokaci yana tsatsar ruwa. Wata ma'aikaciyar jiyya a Amurka, Sista Mary Joseph, ita ta lura cewa masu irin wannan ƙullutu akan tarar daji ya riga ya bazu a cikinsu. Cikin 1949 likita Hamilton Bailey na Ingila ya laƙaba masa sunanta.

Hatsarin a wurinmu shi ne a ɗauke shi maruru a kai wa wanzami ya yi sakiya. Abin da ya cancanta, a yanki ɗan tsokarsa a duba a ɗakin gwaji.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamun, su tura mai ciwo gaba da wuri. Macen da cikinta ya yi makonni a kumbure kuwa, kada ta jira sai ciwon ya leƙo a fata.