Ɗan idon da ke gadin gefen leda da yadi, da darasinsa ga masana'antun Arewa

Ledar burodi, ledar fiya wata, takardar jarida, famfas ɗin jarirai da turmin atamfa duk hanya ɗaya suka biyo kafin su iso kasuwa. Kowannensu ya taɓa zama doguwar shimfiɗa mai gudu a kan rola, daga wannan naɗi zuwa wancan, ana buga mata launi, ana manna ta, ana yanka ta.

Matsalar irin wannan shimfiɗa ita ce ba ta tafiya a miƙe da kanta. Idan rola ta ɗan karkace, ko wani ɓangare ya fi wani kauri, ko zafi ya sa ledar ta saki, sai ta fara zamewa hagu ko dama. Injin da ke jan mita 300 a minti ɗaya yana wuce mita biyar a kowace daƙiƙa. Kafin ma'aikaci ya lura ya kai hannu, zane ya goce, naɗi ya fito a karkace, kaya sun zama shara.

Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce tafin hannu ba. Tana da baki kamar na ƙaguwa, gefen shimfiɗar yana ratsawa ta tsakiya. Leɓe ɗaya yana fitar da haske, sau da yawa irin wanda idon mutum ba ya gani, ɗayan kuma yana auna yawan hasken da ya iso. Idan shimfiɗar ta matso ciki, ta tare hasken, sai ya ragu. Idan ta ja baya, sai ya ƙaru. Nan take saƙo ya tafi ga wani ƙaramin moto da ke juya rola kaɗan, shimfiɗar ta koma layinta. Hakan na faruwa sau da dama a cikin daƙiƙa guda.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1939 Irwin Fife ya fara ƙera na'urar saita shimfiɗa a Oklahoma ta Amurka, kuma a yau kamfanonin Jamus irin su Erhardt+Leimer da BST suna cikin manyan masu sayar da ita. Ga leda garai-garai wadda haske ke ratsawa, akan yi amfani da mai aiki da sautin da kunne ba ya ji. Ga bin layin da aka buga a jikin kaya kuma, akan sa kyamara.

Lissafin ribar a fili yake. Masana'antar da ba ta amince da gefen kayanta ba dole ta bar rara don a datse. A ce faɗin leda mita ɗaya ne, ana zubar da ƙarin santimita ɗaya a kowane gefe. Kashi 2 cikin 100 ke nan, wato tan biyu a cikin kowane tan 100. Ga mai sayen ɗanyen roba da dala tun bayan da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023, wannan na iya zama tazarar da ke tsakanin riba da faɗuwa.

A nan ne batun ya shafi Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, inda ake yin leda da buhuna, da kuma Kakuri a Kaduna, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957. Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da masaƙu, abu uku ake ambata: wuta, fasa-ƙwauri da jari. An ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da masaƙu, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala a farashin gwamnati. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari turmi yake warwarewa ya duba. Idan launi ya hau kan launi, ko bakin yadin ya fito a murɗe, zai ɗauki na waje ko da an rufe iyaka.

Sayen na'urar ma ba shi ne mai wuya ba. Riƙe ta shi ne aiki. Ido ne, kuma ido ba ya shiri da ƙura. Ƙurar hunturu da burbushin auduga suna rufe gilashinsa, sai ya riƙa ganin gefe inda babu gefe. Hawa da saukar wuta, da sauyawa daga layin kamfani zuwa janareta, suna ƙona allon da ke sarrafa shi. Idan aka sauya kaya daga takarda zuwa leda, sai an sake saita shi. A inda babu wanda ya iya waɗannan, abin da ya fi sauƙi shi ne a kashe shi, a tsayar da yaro ya riƙa daidaita rola da hannu. Da haka injin miliyoyin Naira ke komawa aikin da ya yi kama da na shekaru 50 baya. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Wasu za su ce a fara gyara wuta tukuna. Gaskiya ne babu masana'anta sai da wuta, sai dai masana'antar da ke ƙona dizal mai tsada ita ta fi kowa buƙatar kada mita ɗaya ta tafi a banza. Wasu kuma na tsoron na'ura za ta kori ma'aikaci. Abin da ya raba dubban ma'aikatan Kakuri da aikinsu shi ne rufe masaƙun, lokacin da kayansu suka kasa gogayya da na waje.

Don haka akwai aiki a gaban ɓangarori uku. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, da kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaduna da Kano, su tabbatar ɗalibin lantarki ya taɓa irin wannan na'ura da hannunsa, ya saita ta, ya gano cutarta, kafin ya karɓi difloma. Bankin Masana'antu ya sa horar da masu gyara da ajiye kayan canji cikin sharuɗɗan duk rancen sayen inji. Masu masana'antu kuma su riƙa auna abin da suke datsewa kowace rana, su biya ƙwararren mai gyara albashin da zai hana shi tafiya Legas.

Yadin gida zai dawo Kwari ne ranar da mai saye ya warware shi ya ga bakinsa a miƙe daga farko har ƙarshe.