Kira Ga Shugabannin Coci Kan Lafiyar 'Yan Fansho

Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan halin da 'yan fansho suke ciki, musamman 'yan'uwana Kirista, da fatan shugabannin ikilisiyoyinmu za su gani.

Kowa ya san ƙa'idar aikin gwamnati: in mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, sai ya koma gida. Malaman makaranta ne dokar 2022 ta ƙara wa zuwa 65 ko 40. Tun 2004, zamanin Obasanjo, aka shigo da fanshon karo-karo, a 2014 kuma aka gyara dokar, ma'aikaci ya riƙa zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10. A takarda abin gwanin sha'awa. To, amma bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, abin da mutum ya yi shekaru yana tarawa ya zama cikin cokali. A watan Agusta na shekarar kamfanin GlaxoSmithKline ya ba da sanarwar zai daina sayar da magungunansa da kansa a Nijeriya, kuɗin magani kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Mai aiki yana da ƙungiyar ƙwadago, da ita aka kai ga albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 a 2024. Shi ɗan fansho wane yajin aiki zai yi?

Ga yadda abin yake ƙarewa. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga sai ya sayi maganin mako guda, ya ce zai ja shi har wata, sai ran da kai ya sara masa ya sha. Alhali hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya shekara da shekaru da shi bai ji komai ba, sai wata safiya a ce ɓarin jikinsa ya shanye.

Gwamnati dai ba za mu fasa yi mata kuka ba. Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma iyayenmu mata sun riga mu ganewa. Dubi Zumuntar Mata a ECWA ko COCIN ko EYN ko Katolika. Tsohuwa za ta taka da ƙafa zuwa koyon waƙa, ta yi rawa, ta je gaisuwar mara lafiya, ta je gidan rasuwa. In ba a gan ta ba sau biyu, za a bi ta har gida. Mu maza fa? Abokan namiji na ofis ne. Ran da ya miƙa mabuɗi, ran nan waya ta daina ƙara. Sai kujera da rediyo, sai tunanin garatutin da bai fito ba. Wasu kuma, gaskiya ɗaya ce, sai gidan burkutu tun hantsi, ba don shan ya dame su ba, don a can ne kaɗai ake samun abokin hira. Zumuntar Maza tana nan, amma a wurare da dama ba a tunawa da ita sai za a tara kuɗin kwanon rufi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Wannan bai fi tafiya zuwa addu'ar asuba da dawowa ba, ko 'yar noma a bayan gida. Ta kuma ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke cikin ɗunƙulen miya da muke jefawa uku-uku a tukunya. Abincin da ya dace da tsoho ba baƙo ba ne: wake, zogale, faten tsaki da rama, gwate, tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. Mu ne muka raina su muka koma farar shinkafa da lemon kwalba, har a bikin coci.

Sai maganar da ta fi damuna. Akwai masu wa'azin da ke gaya wa tsoho ya ajiye magani in yana da bangaskiya, ko su ɗora wa mai ciwon suga azumin kwana uku ba ci ba sha. Jama'a, wannan ganganci ne da rai. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara su ne suka gina asibitin Vom da na Garkida da Jankwano a Jos, ba su ga saɓani tsakanin addu'a da allura ba.

Don haka ina roƙon rabaran-rabaran da dattawan ikilisiya: da wuya a sami cocin da ba ta da nas ko ma'aikacin lafiya ko ɗaya. A sayi abin awon jini, a riƙa auna tsofaffi bayan sujada ko da sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi. A ware wa dattawa maza rana guda a tsakiyar mako su haɗu. Tunda kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta fito, jihohi suna da hukumominsu, kamar KADCHMA a Kaduna da PLASCHEMA a Filato, me zai hana a ɗebi wani abu daga baikon godiyar kaka a yi wa gwauraye da tsofaffi marasa ƙarfi rajista? Kuɗin da muke kashewa a jana'iza guda, da anko da abinci da hayar rumfa, zai yi wa mutum nawa?

 

Tsohon malamin firamare,
Kafanchan, Jihar Kaduna.